Sayen Bijimi Daban, Aron Bijimi Daban

A biranen Ostireliya akwai wasu ma'aikata da za ka gani suna zagaya gidajen mutane da tocila da tsani da kyamara, suna leƙa ƙarƙashin daɓen katako, suna ɗaga kai suna duban silin, suna tsayawa gaban kowace tsaga a bango suna ƙare mata kallo. Wani an kira shi ne domin akwai mai son sayen gidan. Wani kuma an turo shi ne domin za a fara haƙa ko gini a filin da ke jikin gidan. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, kuma sau da yawa mutum guda ne ke yin wannan da safe ya yi wancan da yamma. Shi ya sa masu gidaje da dama suke ɗauka takardun biyu duk ɗaya ne, har ka ji wani ya ce ai yana da rahoton da aka yi masa lokacin da ya sayi gidan, me zai yi da wani kuma? Wannan magana tana jawo asara mai zafi. Duk wanda ya taɓa sayen bijimi, ya kuma taɓa ba da aronsa, ya san inda kuskuren yake tun kafin a yi masa dogon bayani.

Manomi ya sayar da gyaɗa ko riɗi, kuɗi sun taru, ya nufi karar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis domin sayen bijimin huɗa. In yana da hankali ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ɗauki wanda ya san shanu. Wannan masanin zai buɗe bakin dabbar ya duba haƙoran ƙasa don ya san ko yanzu take tasowa ko ta fara gangarawa. Zai sa a kora ta ya ga tafiyarta, ya ɗaga kofato, ya duba ido da hanci, ya shafa gashi, ya tsaya ya saurari numfashi. Ƙarcen da ƙaya ta yi mata a haƙarƙari bai dame shi ba, domin dabbar da ta yi kiwo a daji ba ta rasa tabo, kuma duk na kusa da ita a turke suna da irinsa. Tambayoyin da ke ransa su ne: zai ja garma? Zai kai damina nawa? Kuɗin da dillali ya faɗa sun yi daidai da shi? Daga ƙarshe ya ja manomi gefe ya ce, "Malam, wannan ka haƙura da shi, ƙafar bayan nan ba za ta kai ka ƙarshen huɗa ba." Ko kuwa ya ce, "Saya, amma sai sun rage." Abin da aka ɗauko shi ya bayar ke nan, shawara da hukunci.

Bayan shekara biyu damina ta faɗi, maƙwabci ya zo neman aron bijimin na 'yan kwanaki. Zaman tare ba ya bari a hana. Amma kafin a kwance igiya, mai shi yakan aika a kira dattijon unguwa ya ce, "Baba, zo ka gani da idonka kafin ya fita." A nan babu mai tambayar ko bijimin na kirki ne ko tsadarsa ta yi yawa, wannan magana ta wuce tun a kara. Abin da ake nuna wa dattijo shi ne: ga tsohon tabo a cinyar dama, ga kantar karkiya a wuya, ƙahon hagu ya ɗan ɓantare tun bara, ba ya ɗingishi, ya ci ya sha yau da safe. Ƙarcen nan da masanin kara ya ƙi ko kallo shi ne yanzu ake nunawa da yatsa. Kuma wannan gani mutum biyu yake karewa. In dabba ta dawo tana jan ƙafa, mai aro ba shi da bakin cewa haka ya karɓe ta. In ta dawo lafiya, mai ita ba zai nuna tsohon tabo ya ce sabo ne ba. Idan rigima ta tashi, babu wanda zai tafi Wudil ya ɗauko masanin nan ya ba da shaida, domin shi abin da ya gani na shekara biyu ne da suka wuce, kuma ko a lokacin ba tabo yake ƙirgawa ba.

Binciken gida kafin saye shi ne aikin masanin kara. A fiƙihun Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba yana da damar mayarwa. Dokar sayen tsohon gida a yawancin jihohin Ostireliya, wadda ta samo asali daga ta Ingila, ta fi ɗora nauyin a wuyan mai saye: buɗe idonka kafin ka sa hannu, in ka sa, abin da ka tarar naka ne. Lokacin ma a ƙurace yake. A jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, mai saye yana da kwana 5 na aiki bayan musayar takardun ciniki da zai iya janyewa, amma ya bar kashi 0.25 cikin ɗari na farashin. A jihar Biktoriya kwana 3 ne. Wanda ya saya a wajen gwanjo kuwa, kuma gidaje da yawa a Sidni da Melbon ta gwanjo ake sayar da su, ba shi da ko awa ɗaya ta janyewa. Wanda ya ɗaga hannu a gwanjo bai sa an duba masa gidan ba, cinikin biri a sama ya yi.

Akwai ƙa'idar ƙasa da ta tsara yadda ake wannan bincike, AS 4349.1 ta shekarar 2007. Ta ce da ido ake yinsa. Mai bincike ba ya fasa bango, ba ya ɗaga tayil, ba ya jan kabad ko gado don ya ga bayansu. Zai duba cikin ɗakuna, da wajen gida, da tsakanin silin da rufi, da ƙarƙashin daɓe in akwai mashiga, da saman rufi in tsani mai tsawon mita 3.6 zai kai shi. Ma'auninsa kuma shi ne sauran gidaje masu irin shekarun wannan da irin gininsa waɗanda aka kula da su daidai gwargwado. Gidan da aka gina a 1925 ba a auna shi da wanda aka gama bara. Abin da zai fito da shi fili su ne manyan aibobi, wato waɗanda in ba a gyara ba gidan zai zama haɗari ko ya ƙi zaunuwa ko ya ci gaba da lalacewa: harsashin da ya zauna ta gefe ɗaya, katakon rufin da ya ruɓe, danshin da ke hawowa daga ƙasa, banɗakin da ruwansa ke ratsawa cikin bango, barandar da ƙarfenta ya saki. Ƙananan aibobi kuwa, a dunƙule yake ambatarsu, ya ce akwai ƙananan tsage-tsage nan da can kamar yadda aka saba gani a gida mai waɗannan shekaru. Gara ma takardarta daban, ƙarƙashin AS 4349.3, kuma a ƙasar da yawancin gidajenta ƙashinsu katako ne, mutane kan haɗa binciken biyu a yi rana ɗaya.

Ka riƙe jimlar nan ta "ƙananan tsage-tsage nan da can". Ga mai saye jimla ce mai kwantar da hankali, kuma gaskiya ce. Ga mai gidan da katafila ta gama aiki a bayan katangarsa, ita ce za ta kayar da shi, domin lauyan kamfanin gini zai ɗaga takardar ya ce ga shi da rubutun mutuminka, gidan a tsage yake tun ran da ka saya.

Rahoton halin gini kafin aiki shi ne ganin dattijo, kuma a kansa nake son in daɗe, domin shi aka fi rainawa. Ana yinsa ne a gidajen da ke kewaye da filin da za a rushe wani abu, ko a haƙa rami mai zurfi na ajiye motoci, ko a kafa turakun harsashi, ko a ratsa da hanyar ƙarƙashin ƙasa. Yawanci ƙaramar hukuma ce ke sanya shi cikin sharuɗɗan izinin gini, ta ce ba za a sari ƙasa ba sai an kawo shi. Ita kanta hukumar takan nemi a yi mata irinsa a kan kayanta, titi da kwalbati da hanyar masu tafiya a ƙafa, ta kuma riƙe kuɗin jingina har a gama, saboda ta san abin da manyan motoci ke yi wa bakin titi.

Dalilin wannan tsari a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babban rami. Ƙasar da ke ƙarƙashin gidanka tana jingine da ta maƙwabcinka, in aka kwashe tasa ba a tokare da kyau ba, taka sai ta nemi bin ta. In ramin ya kai ga ruwa aka sa injin zuƙa, ruwan da ke ƙarƙashin gidajen kewaye shi ma yana raguwa, ƙasa ta matse, harsashi ya zauna. Ga kuma girgiza. Sidni a kan dutsen yashi take, haƙa a can sau da yawa fasa dutse ne da babbar guduma ta inji, kofuna suna kaɗawa a kabad ɗin maƙwabta. Injiniyoyi a can kan yi amfani da ma'aunin Jamus, DIN 4150-3, wanda ya sa mafi ƙarancin iyakar girgiza a harsashin gidan zama a milimita 5 cikin daƙiƙa, gine-gine masu rauni da na tarihi kuma milimita 3. Doka ma ta san da wannan: sashe na 177 na dokar mallakar ƙasa ta New South Wales ya ɗora wa kowa nauyin kada ya yi sakacin da zai janye tokarin da filinsa ke yi wa na maƙwabci. Wanda yake ganin tsoron ya yi yawa, ya tuna daren 2 ga Nuwamba 2005, lokacin da rufin wani ɓangare na ramin hanyar Lane Cove da ake haƙawa a Sidni ya rufta, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashin kusurwar wani benen gidajen zama, aka kwashe mutane cikin dare.

Amma irin wannan rugujewa ba ta buƙatar shaida, kowa ya gani. Rigimar yau da kullum a kan milimita take. Mai rubuta rahoton halin gini yana shiga ɗaki bayan ɗaki, bango bayan bango, ya ɗauki hoto daga nesa don a gane wurin, ya matso ya ɗora ɗan katin awo a kan tsagar ya sake ɗauka. Ya rubuta: ɗakin gabas, bangon arewa, daga kusurwar taga ta sama zuwa silin, tsawo kaza, faɗi milimita 2. Ya rubuta tayil ɗin da ya fashe, da ƙofar da ke cijewa, da tabon ruwa a silin, da katangar da ta ɗan karkata, da simintin tsakar gida da ya rabu da jikin bango. Bangon da ba shi da ko ƙwarzane ma sai ya ɗauke shi hoto, kuma a ganina wannan hoton shi ne mafi tsada a cikin takardar duka, domin shi ne daidai da cewar dattijo "ba ya ɗingishi". Ba ya cewa gidan mai kyau ne ko mara kyau. Ba ya ba da shawarar gyara. Ba ruwansa da ko tsagar laifin magini ce ko ta tsufa. Kwanan wata da hoto da awo, su ne jarinsa.

Ƙa'idar harsashin gidaje ta ƙasar, AS 2870, ta kasa tsagar bango matakai. Wadda ba ta kai milimita 0.1 ba siririya ce kamar gashi. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, ba ta neman gyara. Ƙasa da milimita 5 ido na ganinta amma cikewa kawai take so, ƙofa da taga su ɗan cije. Daga 5 zuwa 15 ana iya kaiwa ga sake ɗan ɓangaren bango, kuma bututun ruwa na iya fashewa. Daga 15 zuwa 25 babban gyara ne, har bango ya karkata a gani. To ka ga tsaga mai milimita 2 a wajen mai binciken saye tana cikin tarin ƙanana, ko lamba ba lallai ya ba ta ba. A wajen mai rahoton halin gini kuwa ita ce komai, domin in bayan haƙa ta zama milimita 7, ta tsallaka daga matakin ɗan shafe zuwa matakin kiran birkila, kuma lambar nan 2 da aka rubuta tun farko ita ce kaɗai za ta nuna an yi tsallaken.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta biyu da ke hana tsohuwar takardar saye yin wannan aiki. Manyan sassan Melbon da Adelaide a kan wata irin laka suke wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in ta bushe. Wanda ya san baƙar lakar yankin Tafkin Chadi ko ta wajen Numan ya san halinta, da rani ka zura hannu a tsagar ƙasa, da damina ka neme ta ka rasa. Gidan da ke kan irin wannan ƙasa motsi yake yi duk shekara, tsagarsa ta buɗe ta rufe, bishiyar da ke kusa ta tsotse ruwa ta ƙara masa. A shekarun dogon farin da ya kama kudu maso gabashin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009, gidaje da yawa sun tsage ba tare da kowa ya haƙa komai kusa da su ba. Saboda haka takardar da aka rubuta shekara uku da suka wuce ba ta cewa komai game da halin bango a makon da katafila ta iso. Tsakanin nan an yi rani uku, kuma kowanne daga cikinsu hujja ne a hannun kamfani. Rahoton halin gini kuwa darajarsa tana cikin kusancinsa da ranar fara aiki. Ko shi, in aka yi shi sannan aikin ya yi jinkirin shekara guda, ya kamata a sake.

Ta ɗaya gefen ma haka abin yake. Wani mai sayar da gida kan miƙa wa mai saye rahoton halin gini mai kauri, hotuna ɗari da wani abu, ya ce ga shi an duba ko'ina. Kaurin na ruɗar mutum. Amma takarda ce da ba ta tambayi me ya sa ba. Za ta nuna maka tabon ruwa a silin, ba za ta ce maka kwanon rufin ya ƙare ba. Za ta auna tsaga har milimita, ba za ta ce maka harsashin na tafiya ba. Gara na iya cinye rabin katakon rufi ba ta ambata ba, domin ba abin da haƙar maƙwabci ke jawowa ba ne. Dattijon da ya shaida tabo bai ce maka bijimin zai ja garma ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wa ke biyan wa. A binciken saye lamarin da sauƙi: mai saye ne ke ɗauko mutuminsa ya biya shi, rahoton nasa ne shi kaɗai, kuma yawanci a rubuce yake a ciki cewa wani ba zai dogara da shi ya kai ƙara ba. Sai dai a kula da rahoton da dillalin gida ya tanada, kuma a san cewa ba kowace jiha ce ke neman lasisi ga masu wannan aiki ba, ko da yake Queensland tana nema. A yankin babban birni Kanbera doka ta juya tsarin, ta wajabta wa mai sayarwa ya tanadi rahoton gini da na gara kafin ya sa gida a kasuwa, mai saye ya mayar masa da kuɗin in ciniki ya faɗa. Rahoton halin gini kuwa, wanda zai yi haƙar shi ke ɗauko mai rubutawa, shi ke biya. Wato mai aron bijimi ne ya zo da dattijon. Ba na cewa masu rubutawa maƙaryata ne, da yawansu injiniyoyi ne masu tsoron sunansu. Amma a lura da inda riba take. Kamfani yana amfana da duk tsohuwar tsagar da aka rubuta, mai gida kuma yana amfana da duk lafiyayyen bangon da aka ɗauka hoto. In rahoto ya cika da aibobi ya yi shiru a kan wuraren da suke lafiya, bai yi ƙarya ba, amma ya karkata. Don haka mai gida ya tsaya a yi zagayen da shi, ya buɗe kowane ɗaki, ya janye labule da kabad da hannunsa, ya ce a ɗauki nan ma. Ya nemi kofinsa kafin a fara aiki, ya zauna ya karanta, abin da aka tsallake ya rubuta musu a takarda. In gidan tsoho ne ko ramin mai zurfi ne, ya ɗauko nasa injiniyan. Kuɗin kaɗan ne in aka gwada da gyaran harsashi.

Dokar gini ta jihar Biktoriya ta 1993 ta fahimci wannan sosai. Inda aikin ya kai ga dole a yi wa gidan maƙwabci kariya, ta ce mai gini da maƙwabcin, ko wakilansu, su zagaya tare su rubuta duk tsaga da aibin da ke akwai, su amince da rubutun kafin a fara, kuma kotu na karɓar takardar a matsayin shaidar halin gidan a ranar. Ta kuma wajabta wa mai ginin inshora. A Ingila da Wales akwai dokar bangon tsakani ta 1996, wadda ta ce mai son haƙa a cikin mita 3 daga ginin maƙwabci, ƙasa da zurfin harsashinsa, ya ba shi sanarwar wata ɗaya. Dokar ba ta wajabta rubuta halin gidan ba, amma masu awon gine-gine a can kusan ba sa barin aiki ya fara ba tare da shi ba.

Akwai kuma masu rufe ƙofa. Mutum ya yi yaƙi da ginin benen da zai tare masa rana, ya sha kaye a ƙaramar hukuma, sai ga wasiƙa daga kamfanin suna neman izinin shiga ɗakin kwanansa da kyamara. Zuciya ta ce kada ka bari. Ina jin zafin, kuma ban ga laifin wanda ya ji shi ba. Amma ƙin buɗe ƙofa ba ya tsayar da aiki. Yawanci abin da hukuma ke nema daga kamfani shi ne ya nuna ya yi ƙoƙari ya rubuta wasiƙu, daga nan ya ci gaba. Ranar da bango ya buɗe, mai gida shi ne mai ƙara, kuma a kotun can kamar a gaban alƙalinmu, mai ƙara shi ke kawo shaida. Ya hana a yi masa shaidar da hannunsa.

Ko da rahoton ya yi kyau, a san iyakarsa. Yana tabbatar da cewa an sami canji, ba ya tabbatar da abin da ya kawo canjin. Mutanen Sidni sun ga wannan a aikin WestConnex, babbar hanyar mota mai tsawon kusan kilomita 33 wadda yawancinta a ƙarƙashin unguwanni ta bi. An yi wa gidajen da ke cikin mita 50 daga ramin tayin rahoto kyauta kafin haƙa da bayanta. Duk da haka mazauna Haberfield da wasu unguwanni sun yi ta kukan gidajensu sun tsage an kuma ƙi biyansu, batun ya shiga binciken majalisar jihar a 2018, kuma a matakin aikin na gaba an kafa kwamiti mai zaman kansa na duba irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Mai rahoto a hannu aƙalla gardamarsa ɗaya ce, ta dalili, kuma a nan injiniya zai nemi bayanan na'urar auna girgiza da alamomin awon zaman ƙasa da ranakun da haƙa ta wuce ƙarƙashin gidan. Wanda gidansa ya faɗa bayan layin mita 50 kuma bai yi nasa ba, gardama biyu ke gabansa, sai ya fara tabbatar da cewa tsagar sabuwa ce kafin a saurari sauran.

Benen Mascot Towers ya haɗa tambayoyin biyu wuri ɗaya. A daren 14 ga Yuni 2019 aka fitar da mazauna gidaje 132 na wannan gini mai kimanin shekara goma a kudancin Sidni, bayan an ga tsagar da ke jikin ginshiƙan da ke ɗauke da shi tana ƙaruwa. Masu gidajen suka kai ƙarar masu ginin da ke jikinsu, suna cewa haƙarsu ce ta raunana ƙasa. Waɗancan suka musa, suka ce benen da ciwonsa tun kafin su zo. An sasanta a wajen kotu, amma mutanen sun shafe shekaru suna biyan bashin banki a kan gidajen da ba sa iya kwana a ciki. Wanda ya sayi ɗaki a irin wannan bene ko da ya biya an yi masa binciken saye, ƙa'idar wannan bincike ta taƙaita duban ne ga cikin nasa ɗakin da abin da ke dab da shi. Ginshiƙan da ke wurin ajiye motoci na kowa da kowa ne, labarinsu yana cikin takardun ƙungiyar masu benen, kuma wannan bincike ne na uku da sai mai saye ya nema daban.

Mutumin da ya sayi gida a jikin fili ko tsohon kangon da ake shirin rushewa zai buƙaci takardun biyu a jere, wataƙila cikin shekara ɗaya, kuma ta biyun ba ta cika sai an dawo an sake zagayen bayan an gama aiki, da hotunan farko a hannu, bango da bango. A nan ma kada ya yi gaggawar sa hannu a takardar da ke cewa ba shi da sauran magana. Girgiza tana nuna ɓarnarta nan take, amma ƙasar laka da aka zuƙe wa ruwa a hankali take zama, tsagarta na iya fitowa watanni bayan an kwashe injina daga filin.